BABI NA BIYU: TARIHIN LEƘE DA TONON ASIRI A ƘASAR HAUSA, DAGA KATANGAR GIDA ZUWA KYAMARAR WAYA

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa, wato nazarin dangantakar da ke tsakanin wasan kwaikwayon talabijin na Hausa da matsalar nan ta ɗaukar hoton tsiraicin mace a ɓoye, ko yaɗa shi ba da yardarta ba, tare da la'akari da masu kallo na Gandi da sauran garuruwan Rabah da Wurno da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato. A wannan babi kuwa za a waiwaya baya ne domin a bi sawun matsalar tun daga tushe. Dalilin yin haka shi ne, mutane da yawa suna ɗauka cewa wayar salula ce ta haifi wannan ɗabi'a, alhali kuwa leƙe tsohon laifi ne wanda Bahaushe ya san shi, ya ba shi suna, ya kuma tanadar masa magani tun kafin a ƙera kyamara. Abin da kyamara ta ƙara shi ne, ta ba mai leƙe damar ajiye abin da idonsa ya gani, ya kuma nuna wa wanda bai je wurin ba.

Tambayar da aka gina babin a kanta guda ɗaya ce: idan asirin mace ya tonu, wa al'umma take kamawa da laifi, wanda ya leƙa ko wadda aka leƙa? Za a ga cewa amsar da ke cikin littattafan malamai daban take da wadda aka bayar a aikace daga shekarar 2007 zuwa yau. Ya kamata a faɗa tun daga nan cewa ba za a ambaci sunan kowa ba in ba wanda sana'arsa ko muƙaminsa ko shari'arsa ta riga ta fito da shi bainar jama'a ba. Bai dace aikin da ke sukar tonon asiri shi ma ya zama mai tonawa ba.

2.1 Katanga da Sallama

Duk wanda ya dubi fasalin gidan Bahaushe na gargajiya zai fahimci cewa an tsara shi ne domin a tare ido. Baƙo yakan tsaya a ƙofar gida, wadda Basakkwace yake kira garka, ya yi sallama. Idan an amsa masa sai ya shiga zaure, kuma a nan mafi yawan baƙi maza suke tsayawa. Bayan zaure akwai ɗan fili, sannan shigifa. Ƙofofin nan ba a saitin juna ake yanka su ba, sai a karkace, ta yadda wanda ke zaune a zaure ba zai hango tsakar gida ba. Mai hali ya ja katangar ƙasa, marar hali ya kewaye gidansa da darnin kara ko zana, amma manufar ɗaya ce. Hatta magini idan zai hau rufin soro, ko mai sassabe zai hau itacen da ke kallon gidan maƙwabci, al'ada ta ɗora masa ya ba da sanarwa tukuna domin matan gidan su kimtsa.

Harshen Hausa shi ma yana ɗauke da wannan tunani. Kalmar "sutura" tana nufin tufafi, tana nufin kāriya daga abin kunya, tana kuma nufin binne mamaci. "Rufin asiri" kuwa shi ne samun abin da mutum zai riƙe kansa da iyalinsa ba tare da ya miƙa hannu ba, shi ne kuma ɓoye aibin ɗan'uwa. Da wuya a wuni ba a ji wani ya ce Allah ya rufa asiri ba. A ɗaya ɓangaren akwai "tonon silili" da "leƙe" da "tsegumi" da "sa ido", kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ake yabon mutum da shi. Yaron da aka kama yana leƙen makewayi ta kafar darni shi ke shan duka, kuma iyayensa su ke zuwa ba da haƙuri.

Sai dai kuma bai kamata a yi wa al'adar kwalliyar da ba ta da ita ba. Al'ummar da take ƙyamar mai leƙe ita ce kuma take da al'adar bayyana budurcin amarya bayan daren farko, ita ce kuma 'yanmatanta suke yi wa wadda ta yi abin kunya habaici a dandali har ta kasa fita. Wato tun asali akwai fuska biyu. Ana hukunta wanda ya leƙa idan an kama shi a kan katanga, amma idan labari ya riga ya fita, nauyinsa kan mace yake sauka. Wannan fuska ta biyu ita ce kyamara ta zo ta ƙarfafa.

2.2 Matsayin Shari'a a Wurin Malaman Daular Sakkwato

Yankin da wannan bincike ya shafa yana tsakiyar Daular Sakkwato ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can ya rasu a shekarar 1837, a can kuma hubbarensa yake. Saboda haka ƙa'idojin fiƙihun Malikiyya ba baƙi ba ne ga mutanen wannan yanki, domin Risala da Muhtasar na Halil ba su daina zagayawa a zaurukan malamai ba.

Idan aka duba tushen waɗannan ƙa'idoji za a tarar sun tsananta a kan mai leƙe fiye da yadda ake zato. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Aya ta 27 da ta 28 ta Suratun Nuri sun hana shiga gidan wani sai da izni, aya ta 58 kuma ta keɓe lokuta uku na kwanciya da tuɓe tufafi waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izni kafin su shiga. A cikin Buhari da Muslim akwai hadisin da ya nuna cewa wanda ya leƙa gidan mutane ba da izni ba har aka ji wa idonsa rauni, shi ya jawo wa kansa. Malamai sun yi saɓani game da yadda za a yi aiki da zahirin wannan hadisi, amma ba su yi saɓani a kan cewa mai leƙen ne mai laifi ba.

Abin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne hukuncin yaɗawa. Shari'a ba ta tabbatar da zina sai da shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ko iƙirarin mai laifi, ko kuma, a mazhabar Malikiyya, bayyanar ciki ga wadda ba ta da aure. Wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 4 ta Suratun Nuri ta yanke masa bulala 80, ba a kuma karɓar shaidarsa. Aya ta 19 ta wannan sura ta yi narko ga masu son alfasha ta watsu a tsakanin muminai. Ke nan tsarin ya ƙuntata hanyar kama mai sabo a ɓoye da gangan, ya kuma buɗe hanyar hukunta mai bakin da ya fitar da maganar. Ko ma'aikacin hisba bai tsira daga wannan iyaka ba. Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya da Gazali a cikin Ihya'u sun shimfiɗa sharaɗin cewa abin ƙin da za a hana sai ya kasance a bayyane yake, ba wanda aka tono ba. A nan ne ake kawo labarin nan na Sayyidina Umar da ya haura katanga ya tarar da wani yana sabo, mutumin ya tunatar da shi cewa shi ma ya saɓa da ya yi leƙe, ya shigo ba ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba, sai Umar ya ƙyale shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo shi ma ya wallafa littafi sukutum a kan aikin hisba mai suna Liya'u Ahlil Ihtisabi, abin da ke nuna cewa malaman jihadi sun ɗauki iyakokin wannan aiki da muhimmanci.

A nawa ɗan fahimtar, da a ce za a kawo wa alƙalin wancan zamani mutum biyu, mace da aka ga tsiraicinta a ɗaki da kuma namijin da ya zagaya gari yana nuna wa mutane, babu shakka namijin zai fara tambaya.

2.3 Dokar Zamani

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka bar kotunan alƙalai suna aiki amma suka rage musu iko a kan manyan laifuffuka. Dab da samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, wanda haifaffen Rabah ne, ta kafa dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, ita kuma ta Sudan daga dokar Indiya ta 1860. Sashe na 400 na wannan doka ya haramta yin magana ko ishara da nufin cin mutuncin mace, ya kuma haɗa da kutsawa cikin sirrinta. Wannan sashe ya isa ya kama mai leƙen katanga, amma waɗanda suka rubuta shi ba su yi tunanin na'urar da za ta kwafi hoto sau dubu a dare ɗaya ba.

Sauran ƙasashe sun gyara nasu dokokin da suka ga inda zamani ya nufa. Ingila ta sanya leƙen tsiraici cikin manyan laifuffuka a dokarta ta 2003, ta ƙara faɗaɗa shi a 2019. Indiya, wadda daga gare ta muka gaji tushen dokar, ta ƙara sashe na musamman a 2013 wanda ya hukunta ɗaukar hoton mace a keɓantaccen wuri da kuma yaɗa shi, ko da ta yarda a ɗauka matuƙar ba ta yarda a yaɗa ba. A Nijeriya kuwa, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, amma wannan alƙawari ne na gaba ɗaya wanda talaka ba ya iya kai shi caji ofis.

Da aka dawo da aiki da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuffuka a jihohin Arewa daga shekarar 2000, shari'ar da ta fi yin amo a Jihar Sakkwato ita ce ta Safiya Husaini ta Tungar Tudu. Babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001 saboda cikin da aka gani, namijin da ta ambata kuwa ya musanta, aka sallame shi domin babu shaidu huɗu. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin ranar 25 ga Maris, 2002. An kawo wannan misali ne ba don akwai kyamara a cikinsa ba, sai don ya nuna wani abu da zai maimaita kansa: shaida takan bayyana a jikin mace, namiji kuwa ya tsira da musu. A bidiyon waya ma haka abin yake, domin mai riƙe da wayar yana bayanta, fuskar da ake gani ta wadda aka ɗauka ce.

2.4 Wasan Kwaikwayo Ya Shigo Tsakar Gida

Talabijin ya fara aiki a Arewa ne a Kaduna a 1962. A shekarun 1970 aka buɗe tasha a Sakkwato, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. Wasannin da suka yi tashe a wancan lokaci, irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero da Idon Matambayi na Sakkwato da Kuliya Manta Sabo, wasanni ne na ban dariya da gyaran hali, kuma gwamnati ce take ɗaukar nauyinsu. Ko a lokacin, iyaye ba sa farin ciki da 'yarsu ta fito a akwatin talabijin.

Al'amura sun canja a 1990 lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta bunƙasa, ta sami mujallunta irin su Tauraruwa da Fim, ta kuma sami sunan Kannywood. Kaset ya shiga inda silima ba ta taɓa shiga ba, wato ɗakunan matan kulle, ya kuma isa ƙauyuka ta hanyar gidajen kallo masu aiki da janareta. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa cewa babban abin da ya tayar wa malamai da sauran masu suka hankali shi ne yadda waɗannan finafinai suka ɗauko abin da ke can cikin turaka suka shimfiɗa shi a gaban jama'a. Idan aka bi wannan ra'ayi, to a idon masu suka kyamarar ɗan fim ita kanta wani nau'in leƙe ce, ta tsallake zaure da shigifa ba sallama. Wannan zargi shi ya sa bayan ƙaddamar da shari'a a Kano aka dakatar da harkar fim a watan Disamba na 2000, aka kuma kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A cikin wannan shekara ta 2001 ne kuma wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, a watan Agusta. Bayan 'yan shekaru sai ga wayoyi masu kyamara sun cika kasuwa.

2.5 Shekarar 2007

A watan Agusta na 2007 wani bidiyo mai tsawon kimanin minti 8 ya fara yawo a wayoyin mutane a Kano. An ɗauke shi ne da wayar salula a wani ɗaki a Legas, yana nuna wata matashiyar 'yar wasa tare da wani namiji wanda ba ɗan fim ba ne. Jama'a sun fi sanin yarinyar da sunan fim ɗin da ya fito da ita, wato Hiyana, da wannan suna kuma aka riƙa kiran badaƙalar har yau. Abin lura shi ne ma'anar kalmar, domin "hiyana" daga Larabci take, tana nufin cin amana.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a tsaya a kansu. Bidiyon ba fim ba ne, ba kamfani ya shirya shi ba, ba a kuma yi shi don sayarwa ba. Ba a Kano aka ɗauke shi ba. Sannan ba ita ta fitar da shi ba. Ya yaɗu ne daga waya zuwa waya ta hanyar Bluetooth, a lokacin da mafi yawan mutane ba su da intanet, wato kowane mutum da ya same shi wani ne ya tsaya kusa da shi ya tura masa, shi ma ya tsaya kusa da wani ya tura. Bisa ƙa'idojin da aka kawo a sashe na 2.2, kowane ɗaya daga cikin waɗannan dubban mutane yana da kaso a laifin yaɗawa.

Abin da ya biyo baya kuwa ya tafi wata fuska daban. Yarinyar ta ɓuya saboda barazanar da aka yi wa rayuwarta. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta kore ta tare da wasu 'yan wasa da ake zargi da rashin ɗa'a, ko da yake babu ruwansu da bidiyon. An hana nuna finafinan da ta fito a ciki har tsawon shekara 5, abin da ya jawo wa furodusoshin da suka zuba kuɗinsu asara. Cikin 'yan makonni Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata 6, har zuwa Fabrairun 2008, aka kuma fito da sababbin ƙa'idoji masu tsauri game da rajistar kamfani da jarin da zai mallaka da rawa da waƙa da fitowar mata. Kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango wata 3 a 2007 saboda kaset ɗin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, sannan a ƙarshen Disambar wannan shekara aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ɗaurin wata 15 a kan batun rajistar kamfaninsa da fim ɗinsa Tsintsiya, har sai a watan Maris na 2009 aka ba da belinsa. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos da sauran garuruwa.

Ba manufar wannan bincike ba ce ta wanke abin da aka gani a cikin bidiyon, domin addini da al'ada duk sun yi tir da shi. Haka kuma masu goyon bayan matakan hukuma suna da hujjarsu, cewa sana'ar ta daɗe tana buƙatar tsari, kuma iyaye suna cikin fargaba game da tarbiyyar 'ya'yansu. Amma idan aka jera waɗanda hukunci ya hau kansu a tsakanin 2007 da 2009, za a ga mace ɗaya da mawaƙi da ɗan barkwanci da furodusa da ɗaruruwan masu neman abinci a sana'ar. Hankalin hukuma da na masu wa'azi bai karkata ga hannun da ya fitar da hoton da hannayen da suka yi ta tura shi ba. Wannan shi ne Bahaushe yake kira an bar jaki ana dukan taiki.

Wani abin mamaki da masu nazari suka lura da shi shi ne yadda hotunan fuskar yarinyar suka bayyana a manne a jikin motocin haya da baburan acaɓa a Kano bayan abin ya faru. Ana iya fassara wannan da tausayi, ana iya fassara shi da tsiwa ga hukuma. Ko wanne ne, ya nuna cewa ba kowa ne ya gamsu da inda aka ɗora laifin ba.

2.6 Daga 2015 Zuwa 2021: Masu Neman Haƙƙi

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokoki biyu da suka shafi wannan batu. Ta farko ita ce dokar laifuffukan intanet, wadda sashe na 24 nata ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon batsa ko na cin zarafi ta kwamfuta ko waya. Ta biyu ita ce dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta fara aiki a Abuja kaɗai, sai jihar da ta ga dama ta ɗauka. Jihar Sakkwato ta ɗauke ta a 2021 a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Abin takaici, sashe na 24 ya fi yin suna wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024.

Shekarar 2020 ta zo da misalai uku da suka nuna abin da ya canja da abin da bai canja ba. A watan Fabrairu wani gajeren bidiyo na 'yar wasa Maryam Booth ya fita. Maimakon ta ɓuya, sai ta fitar da sanarwa da sunanta, ta ce an ɗauke ta ne ba da saninta ba tana canja tufafi shekaru da suka wuce, an kuma daɗe ana yi mata barazana da shi don a karɓi kuɗi, ta ce za ta nemi haƙƙinta. Wanda ta zarga ya musanta. Muhimmin abu a nan shi ne, a wannan karo an sami mutane da yawa, har da abokan sana'arta, da suka fito fili suka ce ita aka zalunta. Wannan murya ba a ji ta sosai a 2007 ba.

Misali na biyu ya shafi wasan talabijin kai tsaye. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta farfaɗo da wasan kwaikwayo mai dogon zango da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020 bidiyon tsiraicin yarinyar da take fitowa a matsayin Safara'u a Kwana Casa'in ya bazu. Aka cire ta daga shirin, labari ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Kwana Casa'in shiri ne da yake tono cin hanci da zaluncin masu mulki, amma da irin wannan abu ya faɗa wa 'yar cikinsa, hanyar 2007 aka bi. Ana iya fahimtar dalili, domin tashar da ke shiga ɗakunan iyali tana tsoron fushin masu kallo, kuma masu sana'ar ba su manta da abin da ya same su a zamanin Rabo ba.

Misali na uku a birnin Sakkwato ya faru, kuma ba 'yar fim ya shafa ba. Wani bidiyo na wata yarinya da aka ɗauka tun tana ƙarama ya fita a kafafen sada zumunta a daidai lokacin da ake shirin aurenta, sai auren ya fasa. Mahaifiyarta ba ta yi shiru ba. Ta kai kuka wurin hukuma, ta yi magana da 'yan jarida, har aka gurfanar da wasu samari a gaban kotu bisa zargin yaɗa bidiyon. Wanda ya san nauyin kunya a gidan Basakkwace zai gane irin ƙarfin halin da uwa take buƙata kafin ta yi haka, domin kai ƙara yana nufin a sake faɗin labarin a gaban ɗan sanda da lauya da alƙali da duk wanda ya zo kallon shari'a. A Koriya ta Kudu, inda ɓoye kyamara a banɗaki da ɗakin otal ya zama annoba, dubban mata ne suka fito zanga-zanga a birnin Seoul a 2018 kafin hukuma ta ƙara ƙaimi. A nan kuwa uwa ɗaya ce ta tsaya.

2.7 Yanayin Gandi da Kewaye

Idan haka abin yake a Kano da birnin Sakkwato, inda akwai lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, to sai a auna yadda zai kasance a Gandi. A nan matakin farko na kowace rigima shi ne dattawan gida, sai mai unguwa ko hakimi, kuma abin da ake nema shi ne sulhu da rufe magana. Sulhu yana da amfaninsa, ya dace da tunanin rufin asiri da aka bayyana a baya. Matsalarsa ita ce an tsara shi ne don maganar baki wadda takan mutu idan an yi shiru. Dattawa suna iya sa yaro ya goge abin da ke wayarsa a gabansu, amma ba su da iko a kan kwafin da ya riga ya shiga wayoyin abokansa.

Rashin intanet ma ba kāriya ba ce. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Amma masu shagunan cajin waya da tura finafinai ba su dogara da layi ba, domin da memori da Bluetooth da Xender ake musayar kaya, kamar dai yadda aka yi a Kano a 2007. Hanyar da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suke bi su isa hannun matar aure a ƙauye, ita ce hanyar da kowane irin bidiyo yake bi.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya shafi katangar ita kanta. Tun daga harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni na gundumar Gandi a watan Yuli na 2018, inda aka kashe mutane fiye da 30, garin Gandi ya karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira, mafi yawansu mata da yara. Matar da ta tashi a bayan zaure da shigifa ta wayi gari tana kwana da wanka a wurin da babu abin da ya raba ta da idon mai wucewa sai zani ko buhu da aka rataya, kuma kusan kowane mai wucewa yana da kyamara a aljihunsa. Su ma masu kawo agaji da masu ɗaukar labari da kyamara suke zuwa, ba kullum ake tambayar wadda za a ɗauka ko ta yarda ba. A cikin wannan yanayi ne masu kallon da za a yi magana a kansu a babi na uku suke kallon wasannin talabijin.